Kowa Umma yake yi wa gaisuwa, ni ba wanda ya ce mini ya haƙuri

'Yar Fari (Kubwa):
Assalamu alaikum 'yan gida. A yi mini haƙuri, maganar da tsawo, kuma ba ni da inda zan kai ta sai nan.

Yau kwana 12 da rasuwar Goggonmu ta unguwar Gangare a Jos. Na ce Goggo, amma ba ƙanwar Baba ba ce, ko dangin nesa ba mu haɗa ba. Aminiyar Ummata ce tun suna amare, katanga ce kawai ta raba gidajensu. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kun san kuwa yadda abin yake: Umma ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ko ciwo nake yi sai dai ta aiko ƙanwata da magani. To duk abin da uwa ke yi wa 'yarta, Goggo ce ta yi mini. Ita na fara gaya wa ranar da na ga al'ada. Ita ta kai ni ɗakin miji. Da na haihu ta rufe tandar masarta, ta zo Kubwa ta yi mini wankan jego har arba'in. In muka saɓa da maigidan ita nake kira, ta wanke ni tas, sannan ta ce in miƙa masa waya shi ma ya karɓi rabonsa.

Sankarar nono ce. Ta fi shekara tana ɓoyewa, Umma kaɗai ta sani. Sai da wurin ya fashe aka kai ta asibiti, daga can aka turo ta Abuja. Sau uku tana sauka a gidana in za a yi mata kemo, wato maganin sankara da ake sa wa ta jijiya. A Janairu ta ce ta gaji, a mayar da ita ɗakinta.

Ranar Litinin ɗin makon zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙanwata ta kira ni ta ce jiki ya rikice, kuma tana cigiyata. Wallahi akwai kuɗi a asusuna, amma ko ɗari biyar babu a hannuna, saboda ƙarancin takardun kuɗi da canjin naira ya jawo. Talata tun asuba ina layin banki, har aka tashi bai zo kaina ba. Na je tasha, direba ya ce shi ba ya karɓar taransifa, domin mai sayar masa da mai ma tsaba yake karɓa. Laraba na zaga masu POS har ƙafata ta kumbura. Na ce to Juma'a in sha Allahu. Alhamis 23 ga Fabrairu kafin azahar ta cika, bayan la'asar aka kai ta. Juma'a maigida ya ce ba zan hau hanyar Akwanga da goyo a jajibirin zaɓe ba. Asabar aka yi uku, ranar kuwa an hana zirga-zirga.

Abin da ke cina yanzu, ba wanda ya ɗauke ni cikin waɗanda aka yi wa mutuwa. Duk wanda ya kira sai ya ce "ki yi wa Umma gaisuwar ƙawarta." A wurin aiki na rasa bakin da zan nemi hutu, in ce wa ya rasu? Jiya maigida ya ce kukan ya isa haka, sai ka ce Umma ce. Na kira Umman, na ce ya haƙuri, ta ce da godiya, muka yi shiru, ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Shin na wuce gona da iri ne? Kuma in Allah ya kai ni Jos, me zan ce wa Umma?

Maman Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To ni na ce miki: ya haƙuri, 'yar'uwa? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Autar Hajiya:
Wayyo Allah. Mai masar bakin layi? Ba dai ita ba! Muna firamare in kuɗinka bai kai ba sai ta ƙara maka ɗaya ta ce ka gudu kada a rufe ƙofa. Allah ya kai haske kabarinta.

'Yar Fari (Kubwa):
Da godiya, Maman Biyu. Ke ce ta farko. Autar Hajiya, ita ce.

Ɗan Dilimi:
Allah ya jiƙan musulmi. Amma ni in faɗi gaskiya ko da za a ji haushina, ɓoye-ɓoyen nan na iyayenmu mata shi ke ƙarasa su. Shekara guda fa! Kuma wadda ta sani ta yi shiru. Da an kai ta da wuri da wataƙila yanzu ba wannan maganar ake yi ba.

Maman Biyu:
Haba Ɗan Dilimi. Yarinya ta zo da kuka, kai kuma ka ɗora wa uwarta laifi? Wannan ba wurinsa ba ne.

Ɗan Dilimi:
Ban ɗora wa kowa laifi ba, Anti. Yayata haka ta tafi. Wata biyar ana shafa mata wani baƙin ƙulli, ana ce mana daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi ya watsu. Muka sayar da fili a Rikkos daga baya, lokacin da sayarwar ba ta da amfani. In na yi zafi, nan zafin ya fito.

Maman Biyu:
Allah ya jiƙanta. Ban sani ba, ka yafe ni.

Sista (Anguwar Rogo):
Bari in sa baki, tunda shekaruna da yawa ina aikin jinya. Maganar "daji ba ya son ƙarfe" na san inda ta samo asali. Mutane ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki, ya kai huhu ko hanta ko ƙashi. A yi aiki ko a ɗebi tsoka a gwada, bayan wata biyu mutum ya rasu, sai a ce ai wuƙar likita ce ta tayar da shi. Alhali ya riga ya yaɗu tun kafin a shigo ƙofar asibiti. Ciwon mataki huɗu ne. Wadda ta zo a na ɗaya ko na biyu, sau da yawa a cire, a yi kemo, a yi gashi, wato a ƙone ciwon da na'ura, in da buƙata, ta koma gidanta ta aurar da 'ya'yanta. Na ga irinsu da idona, wasu har yau muna haɗuwa a Katako. Wadda ta zo a na huɗu kuwa, abin da ake iya yi mata shi ne a rage raɗaɗi a ja lokaci.

Amma Ɗan Dilimi, kada ka ɗauka wauta ce ke sa su ɓoyewa. Mace 'yar sittin da ba ta taɓa buɗe ƙirjinta gaban wani namiji ba sai mijinta, ka ce ta je ta kwanta yaro sa'an ɗanta ya duba ta. Ga tsoron a yanke nono, kishiya ta ji, unguwa ta ɗauka. Ga kuɗi. Kemo ba sau ɗaya ake yi ba, yawanci duk bayan mako uku ne, zagaye shida ko takwas, kowanne da gwajin jini kafin a sa. Gashi kuma sai an yi tafiya, Abuja ko Zariya, a je a kama layi. Tsohuwa mai sayar da masa ta iya lissafi. Ta san abin da zai ci, ta san abin da 'ya'yanta ke da shi, sai ta zaɓi ta yi shiru. Ba na cewa daidai ne. Ina cewa ku san abin da ke cikin shirun.

Hajiya Babba:
Sista kin faɗi gaskiya. Ni dai ban yarda a raina maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu. Amma akwai masu cin amana a ciki. Duk wanda ya ce maka kada ka je asibiti, sammu ne, kawo dubu hamsin, to ka riƙe jakarka da kyau.

Malam na Bauchi Road:
Allah ya gafarta mata, ya sa ta huta. 'Yar'uwa, tambaya biyu kika yi, mutane sun tafi wata ta uku. Bari in dawo kan naki.

Kuka ba laifi ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska, yaga tufafi. Zaman makoki na barin ado kuwa kwana uku ne ga mace, in ba mijinta ba, shi ne wata huɗu da kwana goma. Amma wannan hukuncin ado ne da zama, ba a ce zuciya ta daina jin ciwo ranar ta huɗu ba.

Batun cewa ba jininki ba ce, ki duba wannan. Bayan rasuwar Nana Khadija, in an yanka akuya a gidan Annabi, yakan sa a kai wa ƙawayenta nama. Kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa yana daga mafificin biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. To addini ya san da aminan iyaye, ya ba su matsayi. Mu ne dai muka taƙaita gaisuwa ga masu gado.

Sai maganar "da na je." Ki bar ta. An hana mu yawan "da na yi kaza da kaza ya faru," domin tana buɗe wa shaiɗan ƙofa. Kin yi layi, kin je tasha, kin zaga. Wanda ya san niyya ya gani.

'Yar Fari (Kubwa):
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na sani da kaina, zuciyar ce ta ƙi ji. Abin da ke dawo mini kullum, Talatar nan da na bar banki, wata mata ta ce za ta ba ni tsofaffin dubu-dubu in tura mata. Na ƙi, don tun 10 ga wata aka ce sun daina aiki, 'yan ɗari biyu kaɗai aka ce a ci gaba da karɓa. Daga baya na ji wasu direbobin suna karɓa a ɓoye. Yanzu ga shi Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da kashe su har ƙarshen 2023. Kwana takwas kacal bayan an binne ta.

Ɗan Dilimi:
Kuma har yau je ki kasuwa da su ki gani ko mai tumatir zai karɓa. Kowa na jiran ya ji daga bakin Babban Banki. Mu a nan Jos ranar da maƙwabcinmu ya rasu, likkafani sai da aka yi karo-karo a masallaci, 'yan hamsin da 'yan ɗari. Mai shago ya ce an tura amma alat bai shigo ba, ga gawa a kwance.

Maƙwabciya (Tudun Wada):
Sannu 'yata. Ni Kirista ce, amma a Gangare na girma kafin rikicin 2001 ya raba mu da unguwar. Na san wannan mata. Duk Kirsimeti mamana takan aika mata da shinkafa da kaza mai rai don ta sa a yanka da kanta, ita kuma da Sallah masa cike da kwano har da miyar taushe. Bayan mun tashi zumunci ya yi sanyi, hanya ta yi nisa ko da ba nisa. Yau a nan nake jin rasuwarta. Ni ma kin ga ba wanda zai yi mini gaisuwa, amma tun ɗazu na kasa cin abinci. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mamanki ƙarfin zuciya.

'Yar Fari (Kubwa):
Amin Mama, na gode. Ke ma ya haƙuri? Zan gaya wa Umma, na tabbata za ta gane ku.

Autar Hajiya:
To tunda kin rasa uku da bakwai, ki daure ki je arba'in. Zai faɗo cikin azumi, sai a yi kunu da ƙosai a kai masallaci.

Abu Sumayya:
A ji tsoron Allah. Uku, bakwai, arba'in, ina aka samo su? Umarnin da ya zo shi ne a yi wa iyalan mamaci abinci, kamar yadda aka ce a yi wa iyalan Ja'afar, ba su su ɗora tukunya su ciyar da gari ba. Mutane sun gama kashe kuɗi a jinya, sannan a ce su ciyo bashi don arba'in?

Hajiya Babba:
To, an fara. Ɗana, tun kafin 1978 da aka kafa Izala a garin nan iyayenmu ke taruwa suna yi wa mamatansu addu'a, kuma da malamansu. Ba wanda ya ce dole ne. Sadaka ce da addu'a, in ba ka zuwa ka zauna a gidanka.

Abu Sumayya:
Hajiya, da girmanki, daɗewar abu ba hujja ba ce.

Mai Kula da Zaure:
Abu Sumayya, Hajiya, don Allah a tsaya nan. Wannan gardamar ta girmi zauren nan kuma ba yau za a gama ta ba. Duk kun yarda addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, to kowa ya yi ta yadda ya gamsu. Wanda ya ƙara zan goge.

Sannan wata 'yar'uwa ta turo mini saƙo ta gefe, ta ce in sa ba tare da sunanta ba. Ga shi yadda ta rubuta:

"Anti, tun da na karanta labarin nan jikina ke rawa. Wata huɗu ke nan ina jin wani ƙullutu a nonon hagu, ba ya ciwo. Ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Ina cewa tunda ba ya ciwo ba komai. Shekarata 34, ina da yara uku. Don Allah Sista ta ce wani abu."

Sista (Anguwar Rogo):
Ƙanwata, ki saurare ni da kyau. Na farko, yawancin ƙullutun da ake samu a nono ba sankara ba ne, musamman a shekarunki. Kada ki kashe kanki da tsoro. Na biyu, rashin ciwo ba shaida ba ce ta lafiya, sankarar nono a farkonta sau da yawa ba ta ciwo, shi ya sa ake sakaci da ita. Hannu ba ya iya bambancewa, ko nawa. Sai an yi hoto, in ya kama a ɗebi ɗan tsoka da allura a kai ɗakin gwaji. Allurar nan ba ta watsa komai.

Ki je babban asibiti cikin makon nan, kada ki ce sai bayan Sallah. In kunya ce, ki ce mace kike so ta duba ki, ko a sa ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin, haƙƙinki ne. In kina Jos ki karɓi lambata wurin Anti mai kula da zaure, ni zan raka ki. Sauran mata kuma, ba ƙullutu kaɗai ake dubawa ba: kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa a hammata da ta ƙi tafiya. Kuma kada ki shafa komai a wurin kafin a gani.

Ɗan Dilimi:
Ki je don Allah. Kuɗin hoton ni zan biya, Anti ta turo mini inda zan sa. Taransifa dai, in netwok ya ga dama.

Maman Biyu:
Allah ya saka maka. Ka ga zafin ya yi rana.

Hajiya Babba:
An bar yarinya da tambayarta ta biyu. 'Yar Fari, ni ma 'yar fari gare ni, shekararta arba'in da ɗoriya, ban taɓa kiran sunanta ba, sunan uwar mijina gare ta. Bari in gaya miki abin da ke cikin Ummanki, don na san shi. Kina tsammani ba ta san abin da kika rasa ba? Ita fa ta miƙa ki ga matar nan. Duk abin da Goggonki ta yi miki, da dare sai ta zagaya ta ba Ummanki labari, har abin da kika ce da yadda kika yi dariya. Shawarar da take ba ki, rabinta daga bakin Ummanki ta fito, aro bakin kawai aka yi. Haka muke yi. Yanzu ta rasa ƙawa, ta kuma rasa hanyar da take bi ta iso gare ki. Ga nauyin sirrin da ta riƙe shekara guda, wanda na tabbata yana hana ta barci, ko ba wanda ya faɗa mata abin da Ɗan Dilimi ya faɗa.

In kin je kada ki shirya wani jawabi, za ki ba ta kunya ku duka ku rasa inda za ku sa ido. Ki ajiye jaka, ki shiga gidan marigayiya ki yi wa 'ya'yanta gaisuwa, ki dawo. In kin tarar tana tsintar shinkafa ki ja kujera ki sa hannu. Ki miƙa mata jikanta. Kada ki tambaye ta don me ta ɓoye. In za ta yi magana, da jaririn za ta yi, ke kuma ki kasa kunne.

'Yar Fari (Kubwa):
Hajiya kin sa ni kuka a ofis. Akwai ranar da Goggo ta ce mini in daina wanka da ruwan sanyi da daddare, na yi ta mamakin yadda ta sani, don a gidanmu kawai nake yi.

Mai POS (Dutse Alhaji):
Anti, ban iya dogon rubutu ba. Ina kusa da ke. Gobe da safe ina sa ran samun kuɗi wurin wani mai gidan burodi. Zan ajiye miki na mota zuwa da dawowa, ba caji. Ki zo kafin tara, in mutane suka gani ba zan iya hana su ba.

Autar Hajiya:
Ki yi sauri ki tafi kafin Asabar fa, zaɓen gwamna, za a sake rufe hanya.

Ɗan Dilimi:
An ɗage, sai 18 ga Maris. Daren jiya hukumar zaɓe ta sanar. Hanya a buɗe take.

'Yar Fari (Kubwa):
Na karɓa, Allah ya yi wa kasuwa albarka, ƙanena. Maigida ya amince, har ya ce in yi mako guda. Ina jin ya ga rubutun nan, don tun jiya yake wani sunkuyar da kai. A ofis na ce uwata ce ta rasu, wadda ta raine ni, ba wanda ya ƙara tambaya.

Mai Kula da Zaure:
Allah ya kiyaye hanya. 'Yar'uwar nan ma ta ce in gaya muku ta gaya wa mijinta, Litinin za su je tare da Sista.

'Yar Fari (Kubwa):
Mun wuce Akwanga, mun kusa Hawan Kibo, sabis na ɗaukewa. Ƙanwata ta kira yanzu, wai tun safe Umma ta sa aka share ɗakin baya aka kunna turare, ta kuma jiƙa shinkafar masa. Ta tambaye ta ta wa, ta ce ta baƙi ce. Tandar Goggo ta aika aka ɗauko.

Maman Biyu:
Allah ya kai ku lafiya. Ki sa wa yaron hula da safa kafin ku hau dutse.